GUZURIN MATAFIYI: ABIN DA AKE FAƊA WA 'YAN KWASTAN

Kowace shekara, idan jigilar alhazai ta ƙarato, sansanin alhazai na Mando a Kaduna yakan cika maƙil. Maniyyata sukan zo daga ƙananan hukumomi 23 na jihar. Waɗansu daga Giwa da Soba, waɗansu daga Lere da Kubau da Birnin Gwari. Kowa da jakarsa, kowace jaka da guzurinta.

A cikin jakunkunan nan akan sami ƙuli-ƙuli da yaji da garin rogo. Akan sami kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Wani ya ƙunso kilishi, wata ta soyo dambun nama. Waɗansu kuma sun biya ta Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko ta Kawo, sun sayo madarar gari da ganyen shayi da biskit.

Amma ba duk guzurin nan ne ke isa inda aka nufa ba. Akan cire wani tun a gida wurin bincike. Akan ƙwace wani a ƙasar da aka sauka. Wani lokaci abin yakan wuce asarar kaya, ya kai ga tara ko tsarewa. Sau da yawa ba mugun nufi ne ya jawo haka ba, rashin sani ne. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

SU WANE NE KE BINCIKEN KAYA?

A filin jirgin sama da kan iyaka akwai ma'aikata iri-iri. Kowa da aikinsa.

'Yan kwastan su ne masu lura da kayan da ke shiga ƙasa da masu fita. Ma'aikatan shige da fice kuwa fasfo da biza suke dubawa. Akwai hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Akwai hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da doka a 1993 domin kula da ingancin abinci da magani. Akwai kuma hukumar NAQS, mai hana cututtukan dabbobi da na shuka tsallaka iyaka.

Kowace ƙasa tana da irin waɗannan ma'aikata. Saboda haka sau biyu ake duba kayan matafiyi. Na farko a ƙasarsa kafin ya tashi. Na biyu a ƙasar da ya sauka. Wucewa a Kaduna ko Kano ba shi ne wucewa a Jidda ko Madina ko Landan ba. Kowace ƙasa da tata doka.

MENE NE BAYYANA KAYA?

Bayyana kaya shi ne matafiyi ya faɗi abin da ke cikin jakarsa tun kafin a buɗe ta. Hanyoyin yin haka uku ne.

Ta farko ita ce cika fom. Waɗansu ƙasashe sukan ba da takarda a cikin jirgi, waɗansu kuma ta wayar hannu ake cikawa. Akwai tambaya a kan abinci, sai mutum ya zaɓi i ko a'a.

Ta biyu ita ce zaɓen ƙofa. A manyan filayen jirgin sama da yawa akwai koriyar ƙofa da jar ƙofa. Wanda ya bi koriya, kamar ya ce ne ba shi ɗauke da komai da ke bukatar bayani. Wanda ya bi ja, yana nufin akwai abin da zai nuna. Mutumin da bai san wannan ba yana iya bin ayari ta koriyar ƙofa alhali da kilishi a jakarsa. A wurin hukuma ya riga ya ɓoye kaya, ko da bai ce uffan ba.

Ta uku ita ce amsa tambayar ma'aikaci baki da baki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka cewa abincin kanti ba ya bukatar bayani. Mutum ya ce ai a leda yake, a liƙe daga kamfani, har da lambar NAFDAC. Lambar NAFDAC shaida ce cewa an yi wa abincin rajista a Nijeriya. Ba ta tilasta wa wata ƙasa ta karɓe shi. Abinci abinci ne, ko na gwangwani, ko na kwali, ko na ƙullin leda. Ma'aikaci ne zai ce wannan ya wuce, wannan bai wuce ba.

ME YA SA ƘASASHE KE TSORON ABINCIN BAƘO?

Manoma da makiyaya sun fi kowa saurin gane dalili, domin sun ɗanɗana kuɗarsa.

Dattawa suna tuna cutar bushiya. Ta shigo Afirka a 1887 ta hanyar shanun da aka sauke daga jirgin ruwa a ƙasar Iritiriya. Cikin 'yan shekaru ta iso ƙasar Hausa da Barno, ta share garkuna. Ta sake ɓarkewa a Nijeriya a 1983. Sai a 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a wata babbar gonar kaji da ke Jaji, a ƙaramar hukumar Igabi. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'in nata a Afirka. Daga Asiya cutar ta faro. Dubban kaji suka mutu, aka kuma hallaka waɗansu domin kada ta yaɗu.

A 2016 wata tsutsa ta afka wa gonakin tumatir a Kaduna da Kano da maƙwabta. Manoma suka sa mata suna sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka take. Ta isa ƙasar Sifen a 2006, sa'an nan ta gangaro Afirka. Takan ɓoye a cikin 'ya'yan tumatir da dashe da kwandunan ɗaukar kaya. Ɓarnar ta yi yawa har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu na shekarar. A wannan shekara ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara, ita ma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka.

Turawa ma sun ga tasu. A 2001 cutar baki da kofato ta ɓarke a Ingila. An fara ganinta a aladun da aka ciyar da ragowar abinci. Kafin a shawo kanta sai da aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6.

Ƙwayar cuta ba ta ganuwa da ido. Busar da nama a rana ko barbaɗa masa gishiri ba lalle ne ya kashe ta ba. Ƙwan ƙwaro yana iya kwanciya a cikin tsabar wake ko ta gero. Shi ya sa ƙasashe suka fi sa ido a kan nama, da madara, da ɗanyen kayan lambu, da iri.

Akwai kuma maganar maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili shi ne an sami ragowar maganin ƙwari irin na fiya-fiya a jikinsa fiye da ƙima. Wannan darasi ne ga mai ajiyar wake. Buhun nan mai hawa uku, wanda ba ya shan iska, yana kashe ƙwari ba tare da an zuba guba ba.

DOKAR SAUDIYYA GA ALHAZAI

Yawancin mutanen karkara da ke hawa jirgi, aikin Hajji ko Umra ne ke fitar da su. Saboda haka dokar Saudiyya ce ta fi shafarsu.

Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya takan fitar da sharuɗɗa domin alhazai. A cikinsu akwai maganar abinci. Ba a yarda a shiga da ɗanyen abinci ko dafaffe mai saurin lalacewa ba. Abin da ake bari shi ne na gwangwani, ko wanda aka rufe da kyau a mazubin da za a iya dubawa. Kuma ya zama kaɗan, daidai cin mutum ɗaya. Wanda ya ɗauko buhu guda, za a ɗauka fatauci ya zo yi.

Dalilin dokar a fili yake. Akwai zafi ƙwarai a Makka da Mina. Abinci yakan lalace da wuri. Gudawa a cikin taron miliyoyin mutane ba ƙaramar masifa ba ce.

Sai maganar goro. A ƙasar Hausa goro abin girmamawa ne. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗin suna. Amma abincin wani gubar wani. Saudiyya ta sa goro cikin abubuwan da aka hana shiga da su. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, watau NAHCON, wadda aka kafa da doka a 2006, tana maimaita wannan gargaɗi shekara da shekaru. Duk da haka ana samun masu cusa goro a cikin garin rogo, ko a naɗe cikin zane. Na'urar haska kaya tana nuna abin da ke cikin jaka ba tare da an buɗe ba. Wanda aka kama ya jawo wa kansa kunya, ya kuma ɓata wa 'yan jirginsu lokaci. Wanda ya saba da goro, gara ya fara ragewa tun watanni kafin tafiya.

Magani ma yana da ƙa'ida. Mai hawan jini ko ciwon sukari ya tafi da maganinsa a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Kada a juye ƙwayoyi a leda ɗaya. Garin magani na gargajiya wanda ba shi da suna a jiki yakan jawo dogon bincike. Ƙwayoyi irin su tiramadol kuwa babbar magana ce. Hukuncin fataucin miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa.

A tuna kuma cewa kuɗin kujera ya haɗa da ciyarwa a masauki. Alhaji ba ya bukatar ɗaukar rumbu. Ɗan yaji da ɗan abin taɓawa sun isa, idan jami'an alhazai sun amince da su.

MASU ZUWA INGILA DA AMURKA

Yanzu iyalai da yawa suna da ɗa ko 'ya mai karatu ko aiki a Turai. Uwa takan so ta aika da ɗanɗanon gida. To, ga yadda dokar take.

A Ingila ba a yarda matafiyi daga Nijeriya ya shiga da nama ba, ko wane iri ne. Kilishi da dambun nama da soyayyen nama duk suna ciki. Haka madara da abin da aka yi da ita, kamar man shanu da cuku. An ware madarar jarirai ta gari, wadda ba a buɗe ba, har kilo 2. An yarda da zuma har kilo 2. An yarda da busasshen kifi ko mai banda har kilo 20. Dabino da ayaba da mangwaro suna wucewa. Yawancin sauran ɗanyun kayan lambu kuwa sai da takardar shaidar lafiyar shuka. A Nijeriya hukumar NAQS ce ke ba da irin wannan takarda.

A Amurka dokar ita ce a bayyana kowane irin abinci. Har sukan tambayi mutum ko ya shiga gona, ko ya taɓa dabbobi kafin ya taso. Manomi ya amsa da gaskiya. Iyakaci a duba takalminsa a wanke ƙasar da ta maƙale. Suna da karnuka da aka horar domin shinshino abinci a jaka. Ko dunƙulen miya mai ɗanɗanon kaza ko na naman sa ana iya ƙwacewa, domin akwai nama a haɗinsa.

Wanda ya bayyana abin da ya ɗauko ba a cin tararsa, ko da abin bai halatta ba. Karɓewa kawai za a yi a zubar. Wanda ya yi shiru aka gano, tararsa takan fara daga dala 300, tana kuma iya kaiwa dubbai. A 2018 an ci wata mata tarar dala 500 saboda tuffa guda ɗaya. A cikin jirgi aka ba ta, ta jefa a jaka, ba ta faɗa ba.

A kwatanta mutum biyu, kowa da ƙunshin kilishi. Na farko ya ce, "Yallaɓai, akwai abinci a jakata, ga shi." Ya yi asarar kilishi, ya wuce da mutuncinsa. Na biyu ya ce babu komai. Ya yi asarar kilishi, ya biya tara, an kuma rubuta sunansa. Duk ranar da ya sake zuwa za a tsananta masa bincike.

YADDA AKE SHIRYA GUZURI

1. A tambaya tun da wuri. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in alhazai, kuma ana yin bita kafin tafiya. A je da jerin abin da ake son ɗauka a nuna. Dokoki suna sauyawa, na bara ba lalle ne su zama na bana ba.

2. A bar abincin kanti a cikin kwalinsa ko ledarsa ta kamfani. Kada a farke a juye a wani mazubi. Rubutun jikin kwalin shi ne ke gaya wa ma'aikaci abin da ke ciki.

3. A duba ranar da abincin zai daina aiki. Wanda kwanansa ya wuce, ko gwangwanin da ya kumbura, a bar shi a gida.

4. Abincin gida, kamar yaji da kuka, a busar da shi sosai. A zuba a leda mai haske ko roba mai murfi. A rubuta sunansa a manna a jiki. Ɗalibin ajin yaƙi da jahilci yana iya yin wannan da hannunsa.

5. A tara abinci duka a wuri ɗaya, a saman jaka. Abin da aka tura cikin takalmi ko matashi yakan zama abin zargi, ko da halal ne.

6. Kada a sa abu mai ruwa a jakar hannu. A yawancin filayen jirgin sama ba a barin kwalbar da ta wuce mililita 100. Wannan bai kai cikin ƙaramin gwangwanin madara ba. Man ja da man gyaɗa kuwa sukan tsiyaye su ɓata kayan jama'a, shi ya sa akan hana su.

7. Kada a ɗauki iri domin shukawa, ko dashe, ko ƙasa, sai da takardar hukuma.

SAƘON WANI

Wannan shi ne wurin da ya fi haɗari. Ranar tafiya akan sami mai cewa, "Hajiya, don Allah ga ɗan saƙon yaji, a miƙa wa ƙanwata a Makka." Kunya takan hana mutum ya ƙi. Amma doka ba ta san mai saƙo ba. Wanda aka sami kaya a hannunsa, shi ne mai kaya.

A watan Disamba na 2018 an kama wata ɗaliba mai karatu a Kano a Madina. Ta je Umra ne tare da mahaifiyarta. An sami ƙwayoyin tiramadol a cikin wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya nuna cewa jakar ba tata ba ce. Waɗansu masu aiki a filin jirgi ne suka liƙa sunanta a jiki ba da saninta ba. Sai a ƙarshen watan Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan gwamnatin tarayya ta sa baki. Ta yi wata huɗu a tsare.

Idan haka ta sami wadda ba ta karɓi saƙon kowa ba, ina ga wanda ya karɓa da hannunsa? Saboda haka matafiyi ya shirya jakarsa da kansa. Ya san adadin jakunkunansa. Ya tsaya a auna su a gabansa. Ya ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka ba shi, ya ga sun yi daidai da jakunkunan. Idan jaka biyu ya ba da aka ba shi shaida uku, ya yi magana nan take. Ya adana takardun har ya isa.

RANAR DAWOWA DA KAN IYAKAR ƘASA

Mai dawowa gida ma yana bi ta hannun 'yan kwastan. Tsarabar dabino da bagaruwa daidai ta iyali ba ta da matsala. Ruwan Zamzam kuwa ba a sa shi cikin jaka. Hukumar alhazai ce ke ɗauko wa kowane alhaji galan ɗinsa na lita 5, a ba shi bayan ya sauka. Wanda ya ɓoye gora a cikin kaya, za a buɗe jakar a cire.

Masu bin mota zuwa Nijar su ma dokar ta shafe su. Akwai 'yan kwastan a iyakar Jibiya ta hanyar Maraɗi, da ta Illela ta hanyar Ƙonni. Guzurin ci a hanya daban, kayan sayarwa daban. Nijeriya ta hana shigo da shinkafar waje ta kan iyakokin ƙasa a 2016. Daskararrun kaji kuma sun daɗe cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su. Wanda zai ɗauko buhuna ya fara tambaya a ofishin kwastan, kada ya dogara da maganar direba.

ABIN TUNAWA

Dokar ba ta da wuyar riƙewa. A ɗauki kaɗan. A bar shi a mazubinsa. A faɗi gaskiya kafin a tambaya. Idan ana shakka ko abu ya halatta, a nuna shi. Wanda ba ya jin harshen ma'aikaci ya buɗe jaka ya nuna da hannu, ko ya nemi jami'in da ke rakiyar ayari.

Manomi yakan yi shekaru yana tara kuɗin kujera. Wani ya sayar da shanu, wani ya sayar da amfanin gona na damina da yawa. Bai kamata ƙwarya ɗaya ta goro, ko ƙullin da ba a san abin da ke ciki ba, ya ɓata wannan wahala ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maniyyatan ƙauyensu wannan bayani tun kafin a kira su zuwa Mando. Matambayi ba ya ɓata.